Hujin Ƙarshe

Notin ya ƙi kwancewa, sai da Saleh ya sa ƙafa ya danna sifana sannan ya yi ƙara ya saki. Ya koma ya kwanta rigingine a kan kwali, kansa a ƙarƙashin injin, gumi na gangara masa cikin kunne. Safiyar Juma'a ce, duk shagunan layin nan na Waziriyya a rufe suke. Shi ma rabin ƙofar warshar da yake kanikanci kawai ya ɗaga don iska, domin yau ba ya son ɗan kallo.

Abin da yake kwance a ƙarƙashinsa babur ne na ƙanƙara. E, na ƙanƙara, a Jidda, garin da in ka bar ruwan sanyi a mota kafin ka dawo ya isa haɗa shayi. Ba shi da taya ko ɗaya. A gaba wasu dogayen takalma ne guda biyu masu santsi kamar silifan ƙato, a baya kuma wani faffaɗan bel mai haƙora irin na katafila. Don hawan duwatsun da dusar ƙanƙara ta lulluɓe aka ƙera shi. Raed, mai warshar, ya je hutu wata ƙasa mai sanyi shi da abokinsa Meshari, suka ɗana irinsa, suka dawo da ciwon abin a kai. Kowa ya yi odar nasa. Suka kuma ci alwashi a gaban jama'a cewa za a ga wanda zai fara kaiwa ƙolin babban tudun rairayin nan na kudu da gari, wanda ko baburan nan masu ƙafa huɗu da ake kira dabbab ba su taɓa gama hawansa ba. Yau da la'asar ce ranar.

Saleh ya sha wahalar injin nan ba kaɗan ba. Shi ya ƙara masa lagireto da fanka don kada ya ƙone a zafin hamada, shi ya sa masa ƙananan tayoyi a cikin bel ɗin don kada rairayi ya cinye shi. Jiya da za a tashi, Raed ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ka dai gani, ya Mailafiya, ni mai iyali ne. So nake ya manne da ƙasa. Ka danne masa hanci, kada ya yi min wasan doki.”

“An gama, ya mudir,” in ji Saleh.

To ga shi yana gamawa. A cikin ƙarafan da ke riƙe da bel ɗin baya akwai wata 'yar ɗamara ta roba mai kauri, da hujoji a jere kamar na bel ɗin wando. In ka tsuke ta, nauyi sai ya koma kan takalman gaba, babur ya sunkuyar da kai ya bi ƙasa. In kuwa ka sake ta, gaba zai yi shafal, kana danna wuta ya ɗaga hanci sama. Saleh ya koyi wannan ne a bidiyoyin waya. Akwai wani guda da ya kalla har ya haddace: wani Bature yana hawan dutse da ɗamara a sake, babur ya miƙe tsaye, ya yi jim, sannan ya juyo da baya ya danne mai shi. Can ƙanƙara ce mai taushi, sai mutumin ya fito yana dariya. Saleh ba dariyar yake kallo ba, yadda ƙarfen ya sauko a kan ƙugu yake kallo.

Ya zare ƙusar daga hujin tsakiya inda kamfani ya sa ta, ya saki ɗamarar har huji na ƙarshe, ya mayar ya ɗaure. Ya ƙara tsuke sifirin ɗin shokozoba ta tsakiya don ta riƙa tura gaban sama. Sannan ya fito ya tsuguna a gaba, ya matso da takalman biyu kusa da juna iyakar matsowa, yadda ko hancin bai juye ba, gefe zai kife. Bai yi gaggawa ba. Kowane noti sai da ya bi shi sau biyu, domin ba ya son a ce wani abu ya kwance. So yake komai ya kasance a ɗaure tam, a ce tsautsayi ne.

Mailafiya ake kiransa tun yana yaro a unguwar Sa'alaba, saboda ba a taɓa ganin ya ɗaga wa kowa hannu ba. In aka ƙwace masa ƙwallo sai ya koma gefe ya zauna. Raed ne mai tare masa faɗa a lokacin. Gidajensu bango ɗaya ya raba, kakanninsu tare suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa suka zauna. Bambancin kawai, kakan Raed ya yi sa'a ya samu jinsiya ya zama ɗan ƙasa, kakan Saleh kuwa ya ce sai ya yi shawara, har ya koma ga Allah yana shawara. Shi ya sa da suka girma suka buɗe warsha, sunan Raed ne a jikin allo, kuma shi ne kafilin Saleh, wato mai tsaya masa, iƙamarsa ta izinin zama a ƙasar a ƙarƙashin sunansa take.

Duk wannan bai taɓa damun Saleh ba, sai bara.

Usama, ƙaninsa, shi ma a warshar yake aiki. Iƙamarsa ta mutu, Raed ya ce zai mayar da shi ƙarƙashinsa ya sabunta masa. Yau ne, gobe ne, bayan salla ne. Ana cikin haka wata ranar Talata masu bincike suka shigo layin. Suka tarar da Usama da rigar aiki, baƙin mai har gwiwar hannu. Jami'in ya juya wajen Raed ya tambaye shi ko ma'aikacinsa ne. Da ya ce e, tara ce mai nauyi, wataƙila a rufe warshar na wani lokaci. Raed ya kalli Usama, wanda ya goya a bayansa yana jariri, wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya, ya ce, “Ma a'rafu.” Ban san shi ba.

Saleh yana tsaye a wurin da sifana a hannu, bai ce uffan ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan har yau.

Aka kai Usama gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ƙasarsu! Usama bai taɓa taka Najeriya ba. Hausarsa ma ta gida ce, yana ji sarai, amma in zai yi magana sai ya cusa Larabci ya toshe ramuka. Ranar da Saleh ya kai masa jakar kaya, Saleh ɗin ya matso da bakinsa kusa da gilashin da ya raba su ya ce masa, “Ka jira. Wallahi sai na rama maka.” Yanzu Usama yana Kano, a ɗakin wani ɗan'uwan kakarsu a Kurna, yana gyaran adaidaita sahu, yara na kwaikwayon maganarsa. Shi kuma Raed ko sunansa bai ƙara ambata ba. Ya dai ƙara wa Saleh albashi ba tare da an roƙe shi ba, Saleh ya karɓa, domin akwai uwa da mata a wuyansa. Tun daga ranar ya daina ce masa Raed, ya koma ce masa mudir, wato shugaba. Raed ya ji canjin, ya yi kamar bai ji ba.

Saleh ya goge hannu da tsumma, ya ja baya ya ƙare wa baburin kallo. A ido babu abin da ya canza. Daɗi ya kama shi, irin wanda ya manta da ɗanɗanonsa.

Ko a kan me liman ya yi huɗuba ran nan, kada ka tambayi Saleh. Yana cikin sahu ne, amma zuciyarsa na can tana ciniki. Ba kisa yake so ba, Allah ya sani. Ƙafa ta ishe shi. To ƙugu ma ba laifi. Ya kwanta wata da watanni yana kallon silin, a riƙa juya shi kamar waina, ya ji yadda ake ji in an raba mutum da rayuwarsa rana tsaka. In kuma ƙarfen ya sauka a wuya fa? Nan sai ya yi sauri ya ce wa kansa ai rairayi taushi gare shi. Mutumin da ya kwana yana addu'ar rairayin ya yi tauri, shi ne kuma yake lallashin kansa da taushinsa.

A gida ya tarar mahaifiyarsa, Nana Khadija, ta yi shinkafa da wake da mai da yaji, abincin da Usama ya fi so. Har yanzu in za ta auna shinkafa da rabonsa take aunawa, ba wanda ya iya yi mata magana. Saleh ya cinye nasa, ya miƙa kwano a ƙara masa. Tsohuwar ta zuba, amma ba ta saki cokalin ba, ta tsaya tana kallonsa ta saman tabarau.

“Rabon da ka nemi ƙari tun kafin a tafi da yaron nan.”

“Yunwa ce, Ummi. Aiki na yi tun safe.”

“Ranar Juma'a?”

“Na mudir ne. Abin wasan nan nasa.”

“Hmm.” Ta ajiye cokalin. “Ni ban son wannan fara'ar taka. Na fi ganewa da ɗaure fuskar. Saleh, me ka yi?”

“Me kuwa zan yi, Ummi? Ni ne fa Mailafiya.”

“Ni na haife ka, ba 'yan unguwa ba. Su suka sa maka wannan suna. Ni na san in an ƙwace maka ƙwallo kana komawa gefe, amma na san ba mantawa kake ba. Ɗaya aka ɗauke min. Kada ka sa a ɗauke na biyu.”

Ya sumbaci goshinta ya ce babu komai. Bai iya cinye ƙarin ba.

Bayan la'asar Raed ya zo da babbar motarsa, suka ɗora baburin a tirela suka ɗauki hanyar kudu. Raed ya sha sababbin kaya masu launin ja da baƙi, hular kwano na kujerar baya, sai zuba yake kamar rediyo. Meshari ya kai nasa wani babban wuri a arewacin gari, in ji shi, an biya kuɗi kamar na aure, an danne masa hanci har ƙasa.

“Amma ni na ce masa, ya shekh, ni ina da Mailafiya. Ka ɗaure shi da kyau ko?”

“Na yi masa abin da ya dace da shi, ya mudir.”

“Halas. Shi ke nan.” Ya miƙo masa kofin shayi daga fulas. “Sha mana. Ka cika shiru kwanan nan, wallah.”

Kwanan nan! Saleh ya karɓi shayin ya riƙe har ya huce. Suka wuce wata kwana da Usama ya taɓa koyon tuƙi, Raed na gefensa yana yi masa ihu yana dariya. Saleh ya saci kallon Raed ko zai ga wani abu ya gifta a fuskarsa. Ba abin da ya gifta, mutumin yana neman waƙa ne a rediyo. Nan ɗan sauran tausayin da tsohuwa ta dasa masa ya bushe ƙurmus.

Sun tarar wurin ya cika. Motoci sun yi layi a gindin tudun, an shimfiɗa dardumai, ana dafa gahawa, samari sai kewaye suke da dabbab suna tayar da ƙura. Tudun kuwa yana tsaye jawur, gefensa a miƙe kamar bango, can sama iska na share masa baki. Kowa da waya a hannu. Da aka sauke baburan biyu sai aka yi musu zobe, ana dariya ana ɗauka. Wani dattijo ya zagaya na Raed ya ce a ina aka ɓoye tayoyin.

Meshari ne ya fara. Dogo ne siriri mai yawan murmushi, bai taɓa yi wa Saleh komai ba. Ya ja baya sosai ya taho a guje, injin na kuka kamar injin markaɗe. Da farko abin ya yi kyau. Amma yana fara hawa, inda rairayin ya yi laushi, sai takalman gaba suka nutse kamar an soka cokali a tuwo. Baburin ya tsaya cak. Meshari bai tsaya ba. Ya tashi ta saman kan babur ɗin, ya sauka da kafaɗa, ya gangaro yana birgima. Aka ruga aka ɗago shi, baki cike da rairayi, hannu ɗaya na lilo. Kafaɗa ta goce. Wani likita da ke cikin 'yan kallo ya mayar masa da ita nan take, ihun da ya yi har kan tudu.

Da kan Saleh na aiki a lokacin, da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa wanda aka danne wa hanci ya yi haka. Amma ba kansa ke aiki ba. Abin da ya faɗo masa kawai shi ne: in mai ladabin ya yi wannan, ina ga wanda na saki?

Sai ga Raed ya nufo shi, hular kwano a hannu, fuska ta yi fari-fari.

“Ya Mailafiya, ka ga abin da ya faru? Wallah jikina ya mutu. Ko mu bar shi? In ce injin ya yi zafi.”

Ga ƙofa Allah ya buɗe. Da Saleh ya ce e, da an mayar da baburin tirela, da daddare ya mayar da ƙusa hujinta, babu wanda zai taɓa sani. Ya ga ƙofar sarai. Ya kuma ga Usama a bayan gilashi, da rigar aikin da aka kama shi da ita.

“Haba mudir,” in ji shi, murya a sanyaye. “Duk mutanen nan kai suka zo kallo. Naka daban ne, ni na taɓa shi da hannuna. Kana fara hawa ka danna wuta har ƙarshe, kada ka saki.”

Raed ya kalle shi ido cikin ido. “Ka tabbata?”

“Na tabbata.”

“To bismillah. Na yarda da hannunka.” Ya kifa hular ya juya.

Saleh ya nemi wuri a gaba-gaba ya tsaya, don kada kan wani ya tare masa. Tsoro yake ji, da daɗi, su biyun a cakuɗe, bai san wanne ya fi yawa ba.

Raed ya taho. Yana isa gindin tudun ya danna wuta kamar yadda aka ce masa, hancin ya ɗaga. Saleh ya ce a ransa, yauwa. Takalman suka bar ƙasa, suna ɗan taɓa ta suna tashi, bel ɗin baya na feso rairayi sama kamar famfo ya fashe. Ya wuce inda Meshari ya nutse ko a jikinsa. Ya wuce rabi. Ya wuce alamar da dabbab mafi ƙarfi ya taɓa kaiwa, jama'a suka fara ihu. Can kusa da ƙoli, inda tudun ya fi miƙewa, baburin ya tashi tsaye sosai, cikinsa a waje, Raed na maƙale a bayansa. Daidai yadda yake a bidiyon. Ya yi jim ɗin nan.

Saleh ya ji bakinsa na motsi. Har yau bai san me ya roƙa ba.

Sai hancin ya sauko a hankali, ya kwanta a kan ƙolin tudun.

Wurin ya kaure da ihu. Ana ta danna hon, ana jefa hula sama. Shi kuwa Raed da ya ga ya tsira sai ƙarfin hali ya zo masa. Maimakon ya sauko kai tsaye, ya karkata jiki gefe, baburin ya bi shi ba musu, saboda takalman da aka matso da su kusa. Ya yanko gefen tudun a karkace, ya juya ya sake yankowa, kamar wanda aka haifa a kai. Abin da aka shirya don ya kifar da shi, shi ya ba shi damar yin kwalliya.

A nan ne kan Saleh ya dawo aiki, lokacin da ba shi da sauran amfani. Rairayi ba ƙanƙara ba ne. Ƙanƙara sakin takalmi take ya zame, rairayi kuwa riƙewa yake. Duk wanda ya danna hanci a cikinsa ya binne kansa, abin da ya sami Meshari ke nan. Kuma nauyin rairayin ya ci ƙarfin bel ɗin, bai bar masa abin da zai juye da shi ba. Shi da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firij, ya je ya ɗauki karatu a wurin mutanen ƙanƙara, ya manta da rairayin da ya tashi a cikinsa. Da ya yi abin da Raed ya ce kawai, da ya danne hancin kamar ma'aikaci mai biyayya, da yanzu Raed ne ke kwance ana mayar masa da kafaɗa, ko abin da ya fi haka.

Raed ya sauko ya yar da hular, ya ratsa mutane yana kiran sunansa. Kafin Saleh ya kauce ya rungume shi, ya kama kansa da hannu biyu ya sumbata. Wayoyi suka yi musu caa. Raed ya ɗaga tasa sama, yana watsawa kai tsaye a shafinsa, ya jawo Saleh cikin hoton.

“Ya jama'a, ku gan shi! Ba ni ba ne, shi ne. Saleh, ɗan'uwana, jinina! Na ce ya danne hanci, ya ƙi jin maganata, ya yi abin da ya san zai cece ni. Wannan na san shi tun muna tsirara a Sa'alaba. Na san shi, na san gidansu, na san kowa nasa!”

Ya faɗa da Larabci, ya maimaita da Hausa don 'yan unguwa. Saleh na tsaye a ƙarƙashin hammatarsa. Mutane suka ce ya yi murmushi mana, ya buɗe haƙora.

Aka yi sallar magariba a kan dardumai a gindin tudun. Bayan an sallame Saleh ya zame ya koma bayan tirela ya zauna a kan taya. Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Saƙon murya ne daga Usama. Ashe har yanzu yana bin shafin Raed, don dai ya riƙa ƙona ransa.

“Salam, Yaya.” A bayansa ana jin hon ɗin adaidaita da kiran wani mai shayi. “Na gani. Mabruk. Shugul, aikin nan, ya yi kyau, wallah, hannunka ne, na gane. Na ga ya yi maka bosa a kai. Ya ce ya san kowa naka. Tayyib. Ni ka ce in jira, ina ta jira, kullum ina cewa Yaya yana shiri. Halas, yanzu na fahimta. Na daina jira. Ka gai da Ummi.”

Saleh ya saurara sau biyu. Ya leƙa, babu kowa kusa. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya kai wayar bakinsa.

“Usama, ka saurare ni. Wallahi tallahi karya shi na so in yi. Na saki ɗamarar har hujin ƙarshe don ya juye ya danne shi. Da ya ji tsoro ma ni na tura shi. Saboda kai na yi. Rairayin ne ya ci amanata.”

Ya tura. Bai taɓa faɗin abu mai muni haka da bakinsa ba, kuma bai taɓa son a yarda da shi kamar yanzu ba. Ya zauna yana kallon wayar har alamar ta nuna an saurara. Amsar ba ta daɗe ba.

Dariya ce ta fara fitowa, gajeriya, ba daɗi a cikinta.

“Kai ɗin? Mailafiya?” Usama ya ja numfashi. “Bari, Yaya. Ba sai ka yi min ƙarya don in ji sanyi ba. Ranar ma kana tsaye da sifana, ba ka ce komai ba. Ka riƙe aikinka, Ummi na buƙatarka. Yalla, sai an jima, ina da kwastoma.”

Fuskar wayar ta yi duhu a hannunsa.

“Ga shi nan! Ya Mailafiya, kai muke nema.” Raed ne, da Meshari a bayansa, hannu rataye a wuya da rawani. An jawo baburin Meshari daga cikin rairayi an kawo gaban fitilar mota.

“Allah ya ba ka lafiya, ya usta, gwanin makanikai,” in ji Meshari, yana murmushin nan nasa duk da ciwo. “Abin da ka yi wa nasa, shi nake so ka yi wa nawa. Daidai, kada ka rage komai. Akwai wasu ma da suka ce za su yi oda, duk wurinku za su kawo.”

Raed ya ciro sifana daga akwatin kaya ya miƙo masa, yana washe baki. “Nuna musu sirrin. Me ka yi masa ne ma?”

Saleh ya kalli sifanar, ya kalli hannun da ke riƙe da ita. Ya sa wayar a aljihu, ya karɓa. Ya durƙusa a kan rairayin da bai gama hucewa ba, ya laluba ƙarƙashin injin har yatsunsa suka sami ɗamarar.

“Ba wani abu ba ne, ya mudir,” in ji shi. “Sakinta ake yi har hujin ƙarshe.”